Rumbun Rana da Kaskon Turarena

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da dawowata daga Nijar, kuma tun ranar ban samu sakat ba. Jummai ta taso daga Malali har sau biyu, Asabe kuwa kullum sai ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Rakiya, wai yaya Faransa?" Ni kuma amsata ba ta canzawa: lafiya lau, akwai kilishi. Na raba tsaraba na ja bakina na yi shiru. To shekaranjiya Jummai ta ƙyasta ashana a gabana za ta kunna risho, na zabura har na yi fatali da kofin ruwa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke, me aka yi miki a can?" Ba a yi mini komai ba. Ni ce na yi. Baki ya kasa faɗa, shi ya sa na sayi littafin rubutun nan, ko hannu zai iya. Ku karanta ku biyu, ku dawo mini da abina.

Kun san Kawu Isiyaku, ƙanin Mama, mai shagon cajin batir a Rafin Guza. Shekarun baya wani ɗan Nijar mai suna Mamman ya zo karatun injiniya nan Kaduna, bai da kowa, Kawu ya ba shi ɗakin zaure a Unguwar Shanu. Shekara uku yana cin tuwon gidan. Bana da damina sai ga wasiƙarsa. Ya ce yana aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye arewa da Maraɗi, inda ake gwajin wata na'ura mai ajiye wutar rana ba a cikin batir ba. A ƙarshe ya rubuta, "Zo ka ga abin da zai kashe maka sana'a." Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce sai ya gani da idonsa. Sai dai idon nasa ya fara yana, ba ya ganin ƙananan lambobi. Aka ce in bi shi, in riƙa karanta masa ina rubutawa, tunda ni ce mai takardar sakandare, har da kimiyya a ciki. Ba sai na gaya muku yadda na riƙa ɗaga kai a layinmu a satin nan ba, kun gani.

Ina shirya kaya Mama ta kawo ɗan kaskon turare na ƙasa da ƙullin turaren wuta ɗan Barno, ta tura su ƙasan jaka. Ta ce, "Mace ba ta sauka a baƙon ɗaki ba turare. Kada a ce 'yar gidan wa ce wannan."

Mun isa tashar Kawo da sassafe, amma motar ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ga wahalar mai. Direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu a Zariya, ya ɗanɗana man da yatsa, ya ce an haɗa da kananzir, aka yi ta musu mu kuwa muna gasuwa a ciki. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, ta cinye rabin kujerata, tana barci tana jingina kanta a kafaɗata, in ta farka ta ce, "Yarinya, ki daina matse ni." Bayan Funtuwa taya ta fashe. Ashe safeyar ma ba iska. Muka zauna gindin wata ɗorawa muna cin dafaffiyar gyaɗa, direba ya hau bayan wani mai babur da tayar a kansa. Kawu bai damu ba, ya samu wani dattijo suna gardama a kan ko batirin da ya taɓa mutuwa yana komawa daidai. Kawu ya ce batir kamar amana yake, in ya mutu sau ɗaya sai dai lallaɓawa.

A Katsina muka kwana gidan wani abokin Kawu, washegari muka kama hanyar Jibiya. Ni a zatona iyakar ƙasa wata babbar ƙofa ce. Ashe gora ce aka gitta a kan ganga biyu. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya karɓi takarduna ya zuba mini Faransanci, na yi tsuru-tsuru, na ce masa da Turanci ban gane ba. Sai ya ce, "To mi ya hana ki yi Hausa tun farko?" Mutane suka kwashe da dariya. Kawu yana can wata taga ana duba katinsa na rigakafi lokacin da ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, ya zazzage jakata. Ya ɗago kaskon, ya shinshina ƙullin turaren, ya ce, "Amarya za a kai?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah ya kawo na gari, amma wanga turare ya yi ma budurwa yawa." Na tattara kayana da sauri. Kawu bai ga kaskon ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa masa ba.

Maraɗi kamar Katsina take, sai dai an ɗan karkata ta. Hausa ce, amma wutar lantarki sunanta kuran, makaranta lakwal, asibiti kuwa likita suke ce masa, ginin da mutumin duk suna ɗaya. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Da azahar gari yake mutuwa, a rufe ofis a rufe kanti kowa ya tafi ya kwanta, ba kamar kasuwarmu ba da ko ruwa ake yi ana ciniki. Yayar Mamman ce ta sauke mu. Ta kawo fura a ƙwarya wadda in a gidanmu ne ta ishi mutum biyar, ta zauna ta tsare ni sai na shanye. Na kai rabi na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Ku 'yan Najeriya cikinku na tsuntsu ne, bakinku na kura." Kawu ya ce ba ta yi ƙarya ba.

Daga nan kwalta ta ƙare. Akori-kura muka hau, mu da buhunan gishiri da tumaki biyu. Tsakanin Maraɗi da ƙauyen akwai wani kwari da ruwa ke bi in an yi ruwan sama, ranar ya janye amma ya bar taɓo. Motar ta kafe, aka ce kowa ya sauka. Na taka, takalmina na dama ya nutse, na zaro ƙafa ba shi. Na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba. Haka na shiga garin mutane da takalmi ɗaya. Sunan garin ba zan rubuta ba, na ɓata musu abin da ya isa.

Asibitin ɗaki huɗu ne da darnin kara. Wadda ta fara ganina wata tsohuwa ce mai shara, siririya, baki duk goro. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maraba da 'yar Kaduna. Ɗayan takalmin yana tafe a wata mota?" Ita ce Inna Tsahara. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, bukkarta tana kusurwar darnin, sharar nan da girkin ma'aikata su ne cinta da shanta. Ta ciro silifas ɗinta ta tura mini, ta ci gaba da shara ƙafa ba takalmi. Sai mai jinya, Madam Ramatu, doguwar mace marar yawan magana. Sai shi Injiniya Mamman, wanda da ya ga Kawu ya durƙusa har ƙasa kamar har yanzu a zauren yake.

Kawu bai yarda ya sha ruwa ba sai da aka nuna masa na'urar. A bayan asibitin an jera faifan hasken rana a kan ƙarafa. Gefe kuma wata rumfa ce mai gajeriyar katanga, a ciki akwai tankin ƙarfe a kwance, da wani dogon bututu da ya miƙe sama ya wuce rufi. An kewaye rumfar da duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa.

Mamman ya ce, "Kawu, manomi yana da rumbu, rana ce ba ta da shi. Da tsakar rana wuta ta yi mana yawa, in hadari ya rufe kwana uku ba mu da ko ta fitila. Batir kuma ka fi ni sani, zafin nan ba ya barinsa ya tsufa."

Kawu ya ce, "Kada ka zagi batir a gabana."

Ya yi mana bayani yadda ko Inna Tsahara za ta gane. Ya ce ruwa iska biyu ne aka ɗaura musu aure. Wutar rana tana raba auren, sai a saki ɗayar ta tafi, a tara ɗayar a tanki, ita ce haidirojin. Ni na san sunan tun aji huɗu, na yi maza na faɗa kafin ya ƙarasa, don a san na sani. Ya ce in rana ta ɓuya sai a sako iskar tankin cikin wani akwati mai kamar an jera faranti, ta haɗu da iskar da muke shaƙa, a mayar da aure. Murnar komen ita ce wutar lantarki, ba hayaƙi ba ƙara, sai ruwa da ke ɗiga ta ƙasa. Kawu ya tara hannu ya ɗanɗana ruwan, sannan ya ce, "Ni dai ban ga abin da zai kashe ni ba tukuna. Nawa ne kuɗinsa?" Mamman ya yi dariya ya ce kada ya tambaya, abin gwaji ne, kuma rabin wutar ma a hanya take zubewa tsakanin saki da kome. Ya ce amma rabin hatsi a rumbu ya fi cikakken dami da gara ta ci.

Duk wannan ɗawainiya firji ɗaya take yi wa. A cikinsa akwai allurar rigakafin ƙyanda, kuma ran Alhamis, ranar kasuwar garin, aka sanar wa ƙauyuka da rugage su kawo yara. Madam Ramatu ta ce in maganin ya ɗumama ya tashi aiki, ko an yi wa yaro kamar ruwa aka tsira masa. Tankin kusan wata guda ana tara masa rana saboda irin wannan sati na tsakiyar damina.

Sannan Mamman ya nuna fararen duwatsun. Ya ce wuta kowace iri ce ba ta tsallake su, ko taba ko fitila ko garwashi. Akwai mahaɗar bututu ɗaya a wuyan tankin da take ɗan tsiyayar da iska, ya aika a kawo sabuwa ba ta iso ba. Ya ce abin tsoron shi ne wutar wannan iska ba a ganinta da rana, tana ci kana kallon wurin ba ka ga komai ba. Ya juya wajen Inna Tsahara ya ce, "Inna, sau biyu ina kama ki da garwashi kin yanke ta nan za ki bukkarki." Ta ce, "Sau ɗaya da rabi. Na biyun ya mutu a hanya." Aka yi dariya har da ni. Na buɗe littafina na rubuta da kyakkyawan rubutu: wutarta ba a ganinta da rana. Har na ja layi a ƙasa.

Aikina shi ne safe da yamma in karanta allurar agogon da ke nuna yawan iskar tankin in rubuta, in faɗa wa Kawu. Ɗakin da aka ba ni da ma'ajiyar magani ne, jemagu sun yi gida a rufin. Warin nan, Jummai, in ya shiga zane ba ya fita. Na daure kwana biyu. Ran Litinin Madam Ramatu ta ce matan mai gari za su zo gaishe da baƙuwar Kaduna bayan la'asar, kuma a ɗakina za su zauna. Maganar Mama ta faɗo mini: kada a ce 'yar gidan wa ce wannan.

Kawu da Mamman sun tafi masallaci. Inna Tsahara ta tafi rijiya. Na ɗebo garwashi a murhunta na zuba a kaskona. Hadari yana haɗuwa a gabas, iska tana kaɗawa da ƙarfi, tana kwashe tokar tana watsa mini a ido, garwashin kuma ya yi baƙi yana neman mutuwa. Na duba ko'ina, inda iska ba ta bugawa wuri ɗaya ne, jikin gajeriyar katangar nan. Na ga duwatsun sarai. Ba mantuwa na yi ba, kada ku nema mini uzuri. Cewa na yi minti ɗaya ne, kuma ni na san kimiyyar abin, ba irin Inna Tsahara ba ce. Na tsallaka, na tsuguna, na hura. Na sake hurawa da ƙarfi. Tartsatsi ya tashi ya haye katangar.

Ƙarar ba ta kai ta buɗe kwalbar lemo ba. Fat, shi ke nan. Amma wani zafi ya mari gefen fuskata na hagu, na ji ƙaurin gashi. Na saki kaskon na ruga. A ƙofar ɗaki na waiwaya. Rumfa tana nan, tanki yana nan, ba hayaƙi, ba komai. Na ce wa kaina ta mutu. Littafin da na ja layi a ciki yana kan gadona. Da na yi ihu a lokacin, da Mamman ya zo da wuri, wataƙila da an yi dabara. Madubi na ɗauka. Na ga rabin girata ta hagu ta tafi, na jawo mayafi na rufe, sai ga sallamar matan mai gari. Na shimfiɗa musu tabarma a ɗaki mai warin jemage, ina amsa gaisuwa, ina jin wata siririyar ƙara daga baya kamar ana tsotsar haƙori.

Muna cikin yaya aka baro mutanen gida muka ji salatin Inna Tsahara. Ta dawo daga rijiya ta kama sharar yamma, ta leƙa rumfar ta miƙa tsintsiya za ta kakkaɓe yanar gizo. Tsintsiyar ta kama da wuta a sarari, ba komai kusa da ita. Na fito na ga tsohuwar tana juyi da wuta a hannu, bayan hannunta na dama ya saluɓe. Matan mai gari suna cewa aljanu ne. Mamman ya shigo a guje ba hula, ya kore mu duka zuwa bakin hanya. Wutar a wuyan tankin take, kafin a kai ga makunnin rufewa, ta daɗe tana ci har ta cinye robar mahaɗar. Ba yadda za a kashe. Ya buɗe dogon bututun nan ya saki iskar sama don kada ƙarfen ya gasu da ita a ciki. Muna tsaye gindin bedi muna jin wata guda na rana yana fita da huci. Ban san tsawon lokacin ba. Madam Ramatu ta dafa ni ta ce, "Kada ki ji tsoro, baƙuwa, ya wuce."

Kafin magariba ruwa ya sauko. Talata ba a ga rana ba. Kwarin nan da ya ci takalmina ya cika ya kawo, ba motar da za ta kai maganin Maraɗi. Wani ƙaramin batir da ke haɗe da faifan ya riƙe firjin kwana ɗaya ya sare. Kawu ya kwance shi ya yi duk abin da ya sani, hannunsa duk ruwan batir, a ƙarshe ya zauna ya ce, "Ba abin da zan ba shi, sai rana." Madam Ramatu ta naɗe firjin da jiƙaƙƙun buhuna, tana hana kowa buɗewa. Ni kuma safe da yamma in je bakin duwatsu in leƙa agogo, Kawu ya ce, "Nawa?" in ce, "Sifili," in rubuta.

Ba wanda ya tambayi wa ya yi. An riga an sani. Mamman ya tsaya a ƙofar bukkar Inna Tsahara, ba da faɗa ba, ya ce, "Inna, na gaya miki. Bayan kasuwa sai ki nemi wani wuri, ba zan iya kare ki a wajen manya ba." Ina tsaye riƙe da buta. Ta dube shi, ta dube ni kaɗan, ta ce, "To." Ni na sunkuyar da kai na wuce bayan gida. Silifas ɗinta ne a ƙafata.

Laraba da azahar Madam Ramatu ta buɗe firjin, ta duba ma'aunin zafi, ta fito da kwalaben ta jera a kwali, duk sun tashi aiki. Ta zuba tuwo ta ce in kai wa tsohuwa tunda hannu ɗaya gare ta. Na shiga bukkar. Ta riga ta ɗaure kayanta, ƙulli biyu ne duka. Ta ce in saki labule. Ta miƙa hannun hagu bayan randa ta jawo kaskona, an wanke shi tas.

Ta ce, "Tun kafin in miƙa tsintsiya na tsince shi, na sa a zane. Ki tura shi ƙasan kayanki."

Na kasa karɓa.

Ta ce, "Amshi mana, ɗiyata, hannuna ya gaji. Ni tsohuwa ce, sunana ya gama aikinsa. Ke ko aure ba ki yi ba. Kuma kawunki mutumin kirki ne, a garin mutane yake." Ta leƙa ƙarƙashin mayafina ta ce, "Girar za ta tsiro. Ki riƙa shafa man shanu."

Na so in ce muku nan take na tafi na faɗi gaskiya. Ba haka aka yi ba. Na kai kaskon ɗaki na tura shi ƙasan jaka kamar yadda ta ce, na zauna a bakin gado har aka kira la'asar. Sai da Kawu ya ƙwala mini kira in zo in karanta agogo. Na je na tsaya. Ya ce, "Nawa?" Bakina ya ƙi faɗin sifili. Na ce, "Kawu, ni ce." Na janye mayafin, ya matso da fuskarsa daf da tawa saboda idonsa, ya daɗe yana duba girar.

Da ya mare ni da na ji sanyi. Cewa ya yi, "Ɗauko abin." Ya sa ni gaba har ofishin Mamman. Kawu, da furfurarsa, ya cire hula ya durƙusa a gaban yaron da ya ci tuwonsa shekara uku. Mamman ya yi tsalle ya kama shi yana cewa subhanallahi, Kawu, tashi. Ni na ajiye kaskon a kan tebur na faɗi komai, har da madubin. Mamman ya riƙe kai. Can ya ce shi ma da nasa, da ya san mahaɗar tana tsiyaya bai kamata ya cika tankin ba. Madam Ramatu tana bakin ƙofa ta ce, "Wannan tsakaninka da manyanka. Ita wannan ta ji ƙara ta tafi duba gira."

Mamman ya tafi bukkar ya tsuguna ya nemi gafara. Inna Tsahara ta ce masa ba komai, ta kwance ƙullinta. Ni kuwa da ta gan ni ta haɗe rai ta ce, "Wa ya aike ki? Na yi miki sutura kin yaye. 'Yan boko ba ku san a rufa muku asiri ba." Amma ta matsa mini a tabarma, muka ci tuwon tare, ina gutsura mata.

Alhamis gari ya waye da yayyafi. Madam Ramatu ta kira ni ta ce, "Shekara biyu ina lallashin matan nan kafin su yarda da allura. In na ce musu injin ya lalace, ba za su ƙara yarda da shi ba. Ke za ki tsaya a ƙofa ki gaya musu abin da ya faru, tunda Hausarki ta fi tawa daɗi."

Na tsaya a ƙofar darni daga hantsi har azahar. Suna zuwa da goyo, wasu a ƙafa, wasu a kan jaki, sun lulluɓe yaran da buhu saboda ruwa. Kowace in ce mata, "Ki yi haƙuri, ba allura yau. Injin lafiyarsa lau, ni ce na kai wuta inda aka hana." Wata ta ja tsaki. Wata ta ce ita da ma mijinta bai so ta zo ba. Wata ta yi dariya ta ce da an tambaye ta da ta ba ni aron ɗakinta. Akwai wata Bafulatana ƙarama, ba ta kai ni shekaru ba, ta ce kwana ta yi a hanya, kuma ƙyanda ta shiga rugar da ke kusa da tasu. Ta juyo da goyon gaba, 'yar mace ce mai ɗan kunnen zare, tana tsotsar yatsa.

Ta ce, "To yaushe zan dawo?"

Na ce sai hanya ta buɗe an kawo wani maganin, kuma rana ta sake cika tankin.

Ta ɗaga kai ta dubi hadarin, ta ce, "Lokacin mun tashi." Ta gyara goyonta ta juya. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi inda za su ba. Na tsaya kawai ina kallon bayan yarinyar.

Ran Asabar kwarin ya janye muka taho. A kan komowar ba ni da abin faɗa, ban ga hanya ba. Daga Maraɗi har muka wuce Zariya Kawu bai yi mini magana ba. Sai da muka hango fitilun Kawo ya ce, "Uwarki ba sai ta ji daga bakina ba." Har yau ba ta ji ba. Tana ta tambaya me ya sa ɗakina ba ƙamshi, ko turaren ya ƙare ta ƙaro mini.

Satin nan wasiƙar Mamman ta zo, ni na karanta wa Kawu. Sabuwar mahaɗa ta iso, allurar agogo ta fara tashi, an kawo wani maganin, mata sun dawo amma ba duka ba. Hannun Inna Tsahara ya kama warkewa, yatsu biyu ne ba sa lanƙwasuwa sosai, tana nan tana sharar da hagu. Bai ce komai a kan Fulanin ba, ba shi da yadda zai sani. Na karanta har ƙarshe, na juya bayan takardar ko akwai ƙari.

Asabe, kin ce tsarabata ba ta da yawa. Akwai ɗaya da ban raba ba. Ranar da za mu taho, na mayar wa Inna Tsahara silifas ɗinta ta ƙi karɓa, ta ce in tafi da su kada kwari ya ce na yi masa rowa. Sannan ta ba ni wani abu naɗe a tsumma ta ce, "Ki kai ma 'yan Kaduna, su ga abin da ya ga wutar da mai ilimi ba ta gani ba." A mota na buɗe. Guntun tsintsiyar ce, rabinta gawayi. Tana ƙasan akwatina tare da kaskon. In kun gama karantawa ku zo in nuna muku, amma don Allah Jummai ki bar ashanarki a gida.